Damin Itacen Da Na Ɗauke Daga Gaban Bagade

A shekarun da nake karatu a Zariya, a wajen ƙanwar mahaifiyata nake zaune a Tudun Wada, Inna nake kiran ta. Ni yarinya ce da ba a cika jin muryarta ba. Daga makaranta sai ɗaki, daga ɗaki sai coci, ko gaisuwa zan yi sai na tsara ta a zuciyata tukuna. Abin da aka san ni da shi shi ne tsari. Littattafaina a jere suke bisa tsayinsu, in kuwa na ga labule ya karkace ba ni da sukuni sai na gyara shi. Ba na cikin mawaƙa, ba na iya addu'a a gaban jama'a, kuɗin baikon da nake sakawa a coci ma Inna ce ke damƙa mini. Saboda haka da shugabar zumuntar mata ta ce ni zan riƙa gyara gaban bagade, wato teburin da ke gaban jama'a a coci, sai na ji Allah ya samo mini aikin da ya dace da ni, wanda ba sai na buɗe baki ba.

A cocinmu akwai Lahadin godiya da ake yi bayan an gama girbi. Kowa na kawo abin da Allah ya hore masa. Manoma su zo da masara da doya, ma'aikata da 'yan kasuwa su zo da katan na sabulu ko taliya ko turmin atamfa. A tsakiyar sujada sai a taso ana waƙa, kowa ya je ya ɗora hannu a kan abin da ya kawo, fasto ya yi addu'a, daga baya a raba wa gwauraye da marayu da marasa lafiya. A shekarar da nake ba da labari, ni aka bar wa jera kayan. Na wanke farin ƙyallen bagade, na sa masa bula, na goge shi har ba ka ganin ko ƙaramar tamoji. Na jera doya manya a baya, ƙanana a gaba, na juya katan-katan duka suna fuskantar jama'a.

Akwai wata tsohuwa da kowa ke ce wa Mama, mijinta ya daɗe da rasuwa, tana zaune a Tudun Jukun tana sayar da ƙirare. A bencin ƙarshe take zama, kusa da ƙofa. Da sassafe ta shigo da damin itace a ka, an ɗaure shi da tsumma, ta sauke shi a kan farin ƙyallen, tsakanin doya da sabulu. Ta yi mini sannu da aiki, ta kira ni 'yarta, ta tambaye ni ko wajen ya yi. Na ce ya yi. Tana fita ta wanke ƙafa, sai na ga ɓawon itace ya zube a ƙyallen, tururuwa kuma sun fara fitowa suna bin layi. Raina ya ɓaci. Na tuna an ce baƙi za su zo daga Hanwa, sai na ɗauki damin na kai bayan coci, inda mata ke dafa shinkafar da za a ci bayan sujada. Na gaya wa kaina zan kakkaɓe shi in mayar. Amma ɗaya daga cikin masu girkin tana ganin sa ta yi dariya ta ce Allah ya ji kukansu, don itacensu ɗanye ne, hayaƙi ya kusa makantar da su. Ta tambaya wa ya aiko, na kau da kai. Ina tsaye ta kwance tsumman ta tura itacen ƙarƙashin tukunya.

Da lokacin ɗora hannu ya yi, Mama ta taso daga baya tana tafiya a hankali, tana ɗan rausaya da waƙar. Ta iso inda ta ajiye damin, ta miƙa hannu, ba komai. Ta duba bayan doya, ta duba gefen buhuna, sannan ta dube ni. Ina kusa da ita ƙwarai, kalma ɗaya ta isa. Amma jama'a sun cika wajen, sai na sunkuyar da kai. Wani dattijon coci da bai san abin da ya faru ba ya raɗa mata cewa ta ɗan ja baya, waɗanda ba su kawo komai ba za a yi musu tasu addu'ar daga baya. Ba ta yi musu ba. Ta ja baya, ta ɗora hannun a ƙirjinta, ta rufe ido har fasto ya gama. Ba ta tsaya cin abinci ba.

Lahadin da ya biyo baya wajen zamanta ba kowa, haka na bayansa, har abin ya daɗe. Wasu suka ce ƙila ciwon ƙafa ne. Ni kuwa kullum in na shimfiɗa ƙyallen nan, hannunta nake gani a miƙe. Karatu ma ya daina shiga. Daga ƙarshe na gaya wa Inna muna tsintar wake. Ta ajiye faranti ta ce ashe Allah ya ba ni idon da ke ganin tururuwa amma ba ya ganin mutum. Na ce ko za ta je ta ba da haƙuri a madadina, ta ce ba ita ta ɗauki itacen ba, in tashi in sa takalmina.

Na sami Mama a ƙofar ɗakinta tana ɗaura ƙirare. Ta ba ni kujera da ruwa. Na yi ta kame-kame kafin maganar ta fito, ita kuwa ba ta katse ni ba. Da na gama sai ta tambaye ni ko shinkafar ta dahu da kyau. Na ce ta dahu. Ta ce dole, don itacen marke ne, tun ɗaukewar ruwa take ware masu kyau tana ɓoyewa a ƙarƙashin gado, ragowar take sayarwa. Ta ce ba fushi ne ya hana ta zuwa ba. Ta ɗauka dattawa ne suka ga irin wannan kaya bai cancanci gaban bagade ba, ita kuma ba ta son ta sake kunyata coci a gaban baƙi, shi ya sa take addu'arta a ɗaki. Sai ta yi dariya ta ce ashe duk wannan lokaci tana ɓuya daga fasto, alhali 'yar nan ce da ko kai ba ta iya ɗagawa. Amma ta ƙara da maganar da har yau ban manta ba. Ta ce itace dama na wuta ne, ba ta damu da an ƙona shi ba, so ta yi kawai ta ɗora hannu a kansa a gaban Ubangiji kafin ya ƙone, kamar kowa.

Ta dawo coci a Lahadin makon. Ni kuma na fara raka ta neman itace ranar Asabar in ba ni da lacca, ina ɗaukar abin da wuyana zai iya. Kafin godiya ta zagayo ƙafafunta sun yi nauyi da gaske, don haka ni na ɗauko damin tun daga Tudun Jukun, ina jin idon 'yan ajinmu a kaina a bakin titi. Na ajiye shi a tsakiyar farin ƙyallen. Tururuwa suka fito, na bar su. Da aka taso, Mama ta ɗora hannunta, sannan ta jawo nawa ta ɗora a kai, ta ce ai namu ne mu biyu. Ranar ce karo na farko da na taɓa ɗora hannu a kan wani abu a Lahadin godiya.

Na rubuto wannan ne saboda masu yi wa Allah hidima irin tawa, ta shara da jera kaya da gyaran wuri. Na ɗauka ƙyallen nake tsare wa Allah, ban san mutanen da ke zuwa wajen ƙyallen ya fi damuwa da su ba. Na kuma ɗauka shiruna tawali'u ne, alhali a ranar tsoro ne kawai, kuma tsohuwa ce ta ɗauki nauyinsa. In an ba ku gaban bagade ku kula da shi, kada ku matsar da abin da wani ya kawo don bai yi kyau a jeri ba. Ba ku san tun yaushe yake ɓoye shi a ƙarƙashin gado ba.