Lakar da Baba Yake Tankaɗewa

Mahaifina direban ƙaramar hukuma ne a Batsari. Da ya yi ritaya ya sayi wata tsohuwar mota koriya, kuma maganar gaskiya, mu 'ya'yansa ba mu taɓa samun irin wankan da motar nan take samu ba.

Duk Juma'a da hantsi yake yi, a inuwa, wai rana tana busar da ruwa ta bar tabo. Bokiti biyu, ɗaya na kumfa, ɗaya na ɗauraya. Daga sama yake farawa, taya ce ƙarshe. In ta sha iska sai ya buɗe gwangwanin man gogewa, folish yake ce masa, ya lakato da tsohuwar singileti, ya bi jikinta a hankali, ya jira man ya yi fari, ya goge. Sannan ya watsa ruwa kaɗan a kan bonet, ya kira mu mu ga yadda yake dunƙulewa yana gangarewa. Mu ce ma sha Allah. In ba mu ce ba, sai ya sake watsawa.

Ni a Safana nake aure, kuma da motar yake zuwa duba ni. Da 'yan bindiga suka fara tare hanya, ƙyallin nan ya zama abin tsoro. Mota tana walƙiya tun daga nesa, ai cewa za su yi mai kuɗi ne. Ranar da na ji an ɗauke wani maƙwabcinsa na zo gida a fusace.

"Haba Baba! Don Allah ka daina goge motar nan. So kake su ɗauke mana kai saboda fenti?"

"To, uwata," ya ce. Haka yake kirana, sunan mahaifiyarsa gare ni.

Zuwansa na gaba motar dumu-dumu take da laka, har gilashin baya. Hankalina ya kwanta, amma wallahi raina bai yi daɗi ba. Shekara biyu ina ganin motar nan a haka, ina jin ni ce na raba tsoho da abu ɗaya da yake faranta masa rai.

Ciwo ne ya ɗauke shi, a kan gadonsa, alhamdu lillahi. Bayan an watse daga zaman makoki na ɗauki bokiti, na ce ko sau ɗaya dai a wanke ta yadda yake so. Watsawa ɗaya na yi, lakar ta sulale. Ga fenti kore shar, ga ruwa yana dunƙulewa yana gangarewa.

Inna, mahaifiyarmu, tana tsintar wake a bakin ƙofa, ko ɗagowa ba ta yi ba.

"Au, ke kin ɗauka ya daina? Rufe ƙofar gida kawai yake yi. Ya wanke, ya goge, sannan ya kwaɓa laka ya shafe ta. Ƙasar ma sai ya tankaɗe, wai kada tsakuwa ta karce fenti. Rariyata uku ya kashe."

Na tsaya ina kallon fuskata a jikin ƙofar motar, hawaye na zuba. Na ce ma sha Allah da ƙarfi, ko da yake babu mai sake watsawa.

Washegari ƙanena zai kai motar Katsina, hanya kuwa tana nan yadda take. Na share ido na ce, "Inna, ina rariyar?"