Ramukan da ke bangon shagunan Baba

Muna idar da sallar asuba muka kama hanyar Daura daga Kano, ni da ƙanena. Hoto ne ya tashe mu, wanda wani maƙwabci ya turo: an huda bangon shagunan marigayi mahaifinmu, an kuma ɗora wasu abubuwa a kan rufi. Da hayar shagunan nan huɗu tsohuwarmu take ci. Wanda ya yi aikin ɗan haya ne, wani Ibo mai sayar da kayan gyaran babura. Ni kuwa na san yadda ake ƙwace gini: yau a gyara taga, gobe a sake ƙofa, jibi a fara yi maka kallon baƙo.

A Kazaure muka tsaya shan koko. Ƙosai ya ƙanƙance, sai ka haɗa biyu kafin bakinka ya san an zo. Ƙanena yana ta yabon geron da ke gefen hanya, ni ina ta shirya maganar da zan yaɓa wa mutumin.

Da hantsi muka shiga gari, ko gida ban biya ba. Kwanon rufin ya sha farin fenti, ga sola a kai, an haɗa indararo da tankin ruwa. Janareton da ya saba cika layin da hayaƙi yana gefe, an rufe shi da buhu. A saman bango kuma ga ramukan nan a jere, an sa musu raga.

Mutumin ya tarbe mu da fara'a, abin da ya ƙara min zargi. Ya sayo fura, na ce na ƙoshi. Ya ce da izinin Hajiya ya yi komai, na ce a raina an yi wa tsohuwa daɗin baki. Cikin shagon da sanyi, alhali ko fanka ba a kunna ba. Na lura, amma ban nuna ba. Sai na tambaye shi wa ya ba shi ikon huda bangon mutane.

Bai yi musu ba, tsani ya jingina ya ce in hau in duba. Na hau ina huci. Bakin ramin sumul yake da tsohon yaɓe, har da sawun yatsu. Sabon rami ba ya haka.

"Alhaji, ban huda komai ba," in ji shi, da Hausar Daura da ta fi tawa. "Baba ne ya bar su don iska. Toshiyar kawai na cire."

Toshiyar nan ni na yi ta. Shekarar da Baba ya rasu na kawo magina daga Kano, suka lafta siminti don wurin ya yi kama da na birni. Tun daga nan shago biyu suka kasa riƙe ɗan haya, ni kuma ina ta ɗora wa kasuwa laifi. Kunya ta kama ni, na daɗe a kan tsanin. Da na sauko na sha furar.

A gida tsohuwa ta ce da gangan ta ɓoye min, don ta san hanawa zan yi.

Da la'asar muka juyo Kano. Ban ce zargin ya tafi duka ba, sai da na ɗauki hoton kowace kusurwa. Amma na yi tafiyar nan ne don in kama wanda ya ɓata ginin Baba, kuma na kama shi. Da shi na koma gida, sanye da rigata.