Faratan Mista Clement

Ku sababbin zuwa kuna cewa na cika naci a kan karanta fayil. To, ku saurara. Akwai wata Juma'a da har gobe ba ta fita raina ba, ina wata na biyu da kama aiki a gidan kula da tsofaffi a garin Lanham, a Amurka.

A ɗaki na tara akwai wani dattijo, Mista Clement. Iyakar sanina, shanyewar ɓarin jiki ta taɓa shi, kuma akwai jita jingine a bayan ƙofarsa. Ashe rayuwarsa kaf a kiɗan bulus ya yi ta, kiɗan baƙin cikin baƙaƙen Amurka, har manyan makaɗa malam suke ce masa.

A ƙa'ida ranar Juma'a ake yi wa tsofaffi yankan farce, amma sai an duba fayil ɗin mutum tukuna. Ban duba ba. Na tarar yana gyangyaɗi bayan abincin rana, faratan hannunsa na dama zaƙo-zaƙo. Na ce a raina, wannan ƙazanta a jikin dattijo? Mu a Kumasi ba a barin uba ya shiga Juma'a haka. Na yanke su tas, wai ni mai neman lada.

Da ya farka ya daɗe yana kallon hannun. Bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Cewa kawai ya yi, "'Yata, da su nake kiɗa."

Babbar nas ta kira ni ofis ta buɗe fayil. Shafin farko, da jan biro: kada a taɓa faratan hannun dama. Wata huɗu ya yi yana tara su, yana sake koya wa yatsun aiki, don ranar Lahadi ɗalibansa za su zo su naɗi kiɗansa na ƙarshe.

Sun zo su biyar, wasu har da furfura. Ya gwada, tsirkiya ta ƙi magana. Ya miƙa wa ɗayansu jitar, ya ce su dawo in faratan sun fito. Suka yi ta kaɗa waƙoƙinsa, shi yana zaune hannu a cinya.

Bayan sati uku ya rasu. Ni na gyara shi kafin a ɗauke shi, na ga faratan sun ɗan fara tsirowa. Wallahi na yi kuka.

Shi ya sa nake matsa muku. A aikin nan kyakkyawar niyya kaɗai ba ta wadatarwa. Abin da kike gani datti, wataƙila shi kaɗai ya rage wa mutum a duniya.