Ranar da Usta Haruna ya maƙale a cikin mazurari

Ban taɓa mantawa da ranar da muka gwada sabon zanen mazurari a warsharmu, wato ma'aikatarmu ta ƙira, da ke Mantiƙa Sinaiya, unguwar masana'antu, ba, kafin yaƙi ya watsa mu. Ni ne mai zane a kwamfuta. Abin da muke kira mazurari ƙarfe ne mai baki biyu, ɗaya mai kusurwa huɗu, ɗaya zagaye, da shi ake haɗa murfin tanda da bututun hayaƙi. Aikina in sa manhaja ta shimfiɗa siffarsa, a yanka fallen ƙarfe a kan zanen, a lanƙwasa.

Manhajar tana da taurin kai. In ka ba ta zagaye sumul, sai ta ƙi shimfiɗawa. Na daɗe ina fama kafin na gane dabarar rarraba zagayen zuwa ƙananan layuka, kowane layi da inda za a lanƙwasa. Na kuma ce a riƙa yin sa rabi biyu, a haɗa da kusoshi. Mai warsha, Alhaji Siddiƙ, wanda ke kirana Bashmuhandis, wato babban injiniya, ya ƙi.

"Bashmuhandis, falle ɗaya, walda ɗaya. Ba riga muke ɗinkawa ba."

Aikin na wata Hajiya Nafisa ne, mai gidan burodi a Omdurman. Hayaƙinta ya ishi maƙwabta, an ce ta gyara ko a rufe mata.

Da aka gama walda, Usta Haruna, babban ma'aikacinmu, mutum mai faɗin ƙirji, ya ce bai yarda da aikin kwamfuta ba sai ya ga ciki da idonsa. Ya shiga ta babban bakin da rarrafe, ya zura kai da hannu ɗaya ta zagayen. Kafaɗa ta cije. Ba gaba, ba baya.

Muna cikin jan sa Hajiya ta sauko daga raksha, babur mai ƙafa uku. Ta zagaya mazurarin, ta ƙwanƙwasa shi da zobe, ta gaida kan da ke leƙowa.

"Usta, yaya aikin daga ciki?"

"Kwayyis, Hajiya, lafiya lau," in ji shi. "Ko allura ba za ta wuce ba."

Alhaji ya ja ni gefe. "Je ka tambayi kwamfutarka yadda ake shimfiɗa shi da mutum a ciki."

Na ce masa babu wannan a manhajar, sai dai a yanka waldar. Hajiya ta ce ba a taɓa mata kaya. Usta ma ya ce duk wanda ya kawo injin yanka kusa da kunnensa, su haɗu a lahira. Aka aika wajen mai shayin bakin ƙofa, ta kawo masa shayi, ya sha da hannun da ke waje, ana ta shawara a kansa. Daga ƙarshe aka sayo man riɗi, aka tuttula masa a wuya da kafaɗa. Mutum biyu suka riƙe ƙarfen, sauranmu muka kama ƙafafu. Ya fito, rigarsa ta zauna a ciki.

Washegari aka ɗora mazurarin a Omdurman, ya zauna daram. Hajiya ta ce kwanakin farko burodinta ƙamshin riɗi yake yi, har masu saye suna tambaya.

Alhaji bai taɓa cewa ina da gaskiya ba. Ya dai tsaya a bayana da safe, ya dubi allon kwamfuta, ya ce, "Wannan abin, ba za a iya yin sa rabi biyu ba?" Na ce za a duba.

Ku da kuka shigo sana'ar yanzu, ku riƙa tuna cewa duk abin da kuka zana, akwai wanda zai cusa kansa a ciki. Ku bar masa hanyar fita. In kuma maigida ya kawo muku shawararku a matsayin tasa, ku karɓa, ku yi godiya.