Zanen da Ba Ya Kwantuwa

Ba kowace kaka ake kewa ba. Tawa, Iya Gambo, ta iya tatsuniya, wannan ba zan hana ta ba, amma harshenta ya fi ƙaya tsini. A gidanmu na Beli, in an idar da magariba, sai ta tara mu gindin murhu, muna ɓarar gyaɗa tana zuba zance.

Shekarata goma sha uku a lokacin, murya ta fara fashewa. Sa'o'ina na can suna gwada ƙwanji a fagen kokawa, ni kuwa gawayi ne abokina. Ranar da na zana wani saurayi a jikin rumbu, tsaye da fartanya a kafaɗa, ta zo ta ƙare masa kallo, ta wuce. Ashe ajiye ni ta yi.

Da muka taru ta buɗe tatsuniya, muka amsa. Wai wani saurayi ne, ba abin da yake so sai zane a ƙasa. Wata aljana ta tare shi a bakin rafi ta ce, "Ɗan samari, in ba ka zanen da babu irinsa?" Ya ce yana so. Sai ta ɗaura masa zane a ƙugu, irin na mata, wanda ba ya kwantuwa. Maza suka kore shi daga dandali, mata suka kore shi daga rijiya, gemu ya ƙi fito masa har ya mutu.

Sai Iya Gambo ta dube ni. "Kai Sale, ai ko da wane baki ka faɗe shi, zane na mata ne."

Ƙannena mata har da faɗuwa don dariya. Kafin Juma'a, har ƙauyen Jajaye ana kirana Mai Zane. Na tsani kakata a ranar, ban kuma ga dalilin ɓoyewa ba.

Na daɗe ina laluben darasin da ke ciki, ban samu komai ba sai wulaƙanci. Yau da na girma, samari nake zanawa, masu ɗan tsiron gashin baki, tsaye a bakin zaure, ba su shiga ba, ba su fita ba. Ana rataye hotunan a Kano, masu kallo na gyaɗa kai, wai na fahimci ɗa namiji.

Amma bara da na je gida, wani dattijo ya tambaye ni sana'ata. Na kauce wa kalmar zane. Na ce masa fenti nake yi.