Wutar da Egya Kobina Bai Ji Ba

Ran Talata aka haifi Egya Kobina Essoun, shi ya sa ma ya ci sunan Kobina, kuma Talata ce ranar da babu mai shiga teku a Biriwa. Masunta su baje raga a kan yashi suna ɗinki suna gulma, kowa na hutawa, ban da shi. A ranar ake sauke duk injin kwale-kwalen da ya yi gardama cikin mako a kawo rumfarsa. Shekara talatin da ɗaya ke nan bai zauna ran Talata ba, sauran ranakun ma ba zaman yake yi ba. Mutum ne da ko abinci a tsaye yake ci.

Ba shi da na'urar awo, kuma ya raina masu ita. In inji ya ƙi tashi, sai ya cire hular fulogi, ya kama bakin wayar da yatsu biyu, ya ce a ja igiya. In wuta ta fizge shi, ya ce, "Akwai wuta, a duba mai." In ba ta fizge shi ba, ya ce, "Babu," ya shiga binta waya-waya har inda ta maƙale. Tun daga Anomabo har Moree an san yatsun nan ba sa ƙarya. Shi ma ya sani, don ba ya gajiya da faɗa wa mutane.

Wata Talata cikin Agusta, lokacin da kifi ya shigo, Ekow Bentsil, ɗan ƙanwarsa, ya iso da mutum huɗu ɗauke da inji a kan gora. Ekow ne shugaban wani babban kwale-kwale mai mutum goma sha takwas.

"Wofa," in ji shi, don haka ake kiran kawu, "jiya da filafili muka dawo. Hannuwana ko dokono ba sa iya ɓarewa. Gobe da asuba dole mu fita."

"Ɗora shi nan. Kai dai ja igiya."

Aka kafa injin a kan katako, ƙafarsa cikin durom na ruwa. Egya Kobina ya kama waya, Ekow ya ja.

"Babu."

Ya sa sababbin fulogi duk da ya san ba daga nan ba ne. Ya kankare tsatsar wayar da ke ɗaure da jikin inji, don gishirin teku ya saba cin wurin. Babu. Ya cire wayar makashin inji, ko ita ke shanye wutar. Babu. Ya kwance koyil, naɗin wayar da ke tura wuta zuwa fulogi, ya ɗauko wani a buhun tarkacensa, ya ɗaura, ya sake kwancewa, ya mayar da na farko. Ya zagaya injin ya fi sau ashirin, ya ɗauki sufana ya ajiye, ya nemi wadda ke cikin aljihunsa har ƙarƙashin benci. Kafin rana ta take, gumi ya jiƙa masa riga sharkaf.

Masu ɗinkin raga suka fara matsowa, don babu abin da masunci ke so ranar hutu kamar ya ga wani na shan wahala.

"Egya, ko shi ma injin ran Talata aka haife shi? Ka bar shi ya huta mana!" in ji ɗaya daga cikinsu.

"Ku da kuka iya, ku zo ku gyara," ya ce, ko kai bai ɗaga ba.

Ekow bai yi dariya ba. Ya daɗe yana sosa ƙeya kafin ya ce, "Wofa, kada ka ji haushi. Akwai wani a Cape Coast mai na'ura. In ƙarfe uku ta yi bai tashi ba, zan sa shi a mota."

Maganar ta soki Egya Kobina. Ba a taɓa fitar da inji daga rumfar nan a mace ba. Ya san duk ranar da aka fara fitarwa, a gaban idon gari, kuma a hannun jininsa, sauran duk za su bi motar nan. Tsoro ya kama shi, irin wanda bai taɓa ji ba ko a kan teku.

Da mutane suka watse cin abinci, ya zare kan injin gaba ɗaya yana leƙen maganaɗisu. A haka matarsa, Mena Ekuwa, mai bandar kifi, ta same shi, da dokono, tuwon masarar nan na cikin ganye, da soyayyen kifi a kwano. Ta ajiye. Bai duba ba.

"Mayar da kan nan," ta ce.

"Ekuwa, ba yanzu ba."

"Na ce ka mayar. Ka ja igiya, ni zan riƙe."

"Ke? Yaushe kika zama bakanike?"

"Ranar da ka sauke min tukunyar miya daga kan wuta da hannu, ka tsaya kana ba ni labari."

Ya tuna tukunyar. Ya tuna kuma ƙugiyar da ta shige masa babban yatsa makon jiya, bai sani ba sai da ya ga jini a wando. Wata uku ke nan yatsun suna masa kamar ya sa su cikin safa, yana cewa sanyin damina ne.

Ya mayar da kan injin, ya ɗaure. Ta kama wayar yadda ta ga yana yi shekara da shekaru. Ya ja.

"Wayyo!" Ta yi tsalle da baya har ta ture kwano, tana yarfa hannu. "Kobina, wannan ce babu? Har cikin haƙorina na ji ta!"

Tun safe wutar tana nan. Fiye da sau goma ta bi ta jikinsa, yana cewa babu.

Sauran aikin ko minti ashirin bai ci ba. Ya kwance ƙasan kafireto, ya tsiyaye cikin gwangwani, sai ga ruwa kwance a ƙarƙashin fetur. An bar bakin jarka a buɗe ruwan sama ya shiga, shi ke nan duk abin. Ya wanke, ya zuba mai mai kyau, ya ja sau biyu. Injin ya yi tari, ya kama, ruwan durom ya shiga tafasa, hayaƙi ya cika rumfa.

Mutane suka sheƙo da gudu, wasu da loma a hannu. Mena Ekuwa ta durƙusa tana tsince kifinta daga cikin yashi.

"Ban faɗa muku ba?" in ji wanda ya yi ba'ar Talata ɗazu. "Wace na'ura? Yatsun Egya ba sa ƙarya!"

Ekow ya kutso cikin hayaƙin, kunya da murna sun haɗe masa a fuska. "Wofa, ka yafe min maganar ɗazu. Bakina ne." Ya kama hannun kawunsa na dama da hannu biyu, irin kamun masu jan raga, ya matse, ya ɗaga shi sama kowa ya gani.

Egya Kobina ya bi hannun da kallo. Yana ganin yadda Ekow ya matse yatsun har sun haɗe wuri guda. Ya jira ya ji zafi, bai ji ba.