Goran Sintamei

A duk tsaunukan Loita, in ana zancen nono, sunan Sintamei ake fara kira. Mace ce 'yar firit, ga baki, ga taurin kai. Goran nononta na gado ne daga uwarta. Kullum da safe ta turara shi da garwashin zaitun daji, ta karkaɗe, ta zuba madara, goran ya yi sauran aikin.

Sai fari ya zo, shanu suka ƙafe, goran ya bushe ƙayau. Da ruwa ya dawo ta zuba madara, abin ya fito tsararo, ga wari. Ta sake, haka dai. Mijinta Parsitau ya kurɓa ya tofar.

"Wannan ko kare sai an roƙe shi!"

"To je ka roƙo shi, ya fi ka ladabi," in ji ta. Amma abin ya ci mata rai, don ɗanɗanon nan shi kaɗai ya rage mata na uwarta.

'Yarta Resiato, mai aikin jinya a garin Narok, ta leƙa goran ta ce, "Inna, wasu 'yan halittu ne da ido ba ya gani suke zaune a jikinsa, su ke kama madarar. Fari ya kashe su. Sai an samo iri daga gora mai rai."

Ban da na Sintamei, gora ɗaya ne ya rage daga hannun uwarta, yana wurin yayarta Nalangu, wadda suka daina magana tun rabon gado, a kan wata karsana. Karsanar ma ta daɗe da mutuwa, gabar ce ta ƙi mutuwa.

Sintamei ta rataya goranta ta kama hanya, da ciwon gwiwarta da komai.

Nalangu ta dube ta sama da ƙasa. "A'a! Yau kuma wa ya mutu?"

"Ba kowa, Yaya. Baƙuwa ce ni."

Ai kuwa maganar nan ta ɗaure Nalangu, don ba a hana baƙo nono. Nalangu ta yi tsaki, ta ciko kofi ta dangwarar. Ƙamshin hayaƙin nan ya bugi hancin Sintamei, yawunta ya tsinke, ga ƙishin tafiya. Ko kurɓa ba ta yi ba. Ta buɗe goranta ta juye duka, ta toshe.

"Au, don gora kika zo, ba don ni ba?"

"Don gora na zo."

"Marar kunya! Halinki yana nan."

Nalangu ta fizge kofin ta shige ɗaki, ta sake cikowa.

"Wancan na Innarmu ne. Wannan nawa ne, ki sha a gabana."

Sintamei ta kafa kai. Tun kurɓar farko hawaye suka zubo mata, ta shanye tas, ta miƙa kofin a ƙara.